Yadda ake zama malamin zanen gine-gine a jami'a, a kuma kama hanyar binciken zane da kwamfuta

Duk shekara, da zarar ɗaliban digiri na biyu sun gama kare ayyukansu, ba na rasa mutum ɗaya ko biyu da za su biyo ni ofis su ce, "Malam, ni fa koyarwa nake so, ta ina zan fara?" Yawancinsu waɗanda hannunsu ya faɗa a kwamfuta ne, masu fitar da hoton gini kamar ka tura ƙofa ka shiga. Amsar da nake ba su a tsaitsaye ba ta isa, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake. Na daɗe ina zagaya teburan ɗalibai a situdiyo, wato ɗakin koyon zane, na zauna a kwamitin ɗaukar sababbin malamai, takarduna kuma sun sha dawowa daga mujallu da gyara kaca-kaca. Da "ka" zan yi magana, amma har da ke nake. Tsarin jami'o'in Najeriya zan bi, inda na Nijar ya bambanta zan ɗan taɓo.

Abu guda za ka riƙe tun daga nan: iya manhaja daban, koyarwa daban, bincike daban. Na farkon shi zai sa a lura da kai. Biyun ƙarshen su jami'a take biya wa albashi, kuma da su ake auna ka har ka yi ritaya.

Kayan da za ka tanada

Takardu tukuna. Digiri na farko da sakamako mai kyau, domin galibin jami'o'i ba sa duba wanda ya gaza daraja ta biyu ta sama. Digiri na biyu a fannin. Takardar bautar ƙasa. Da takardar sakamakon darussa ta kowane digiri. Wannan ta ƙarshen ka fara bibiyarta tun yau, tana iya cin watanni kafin ta fito, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kwamfuta. Kada ka ci bashi don sayen sabuwa dal. Abin da ake bukata ƙwaƙwalwar aiki ta RAM da ba ta gaza gigabayit 16 ba, ma'ajiyar SSD, da katin hoto mai zaman kansa, in da hali na NVIDIA. Tsohuwar kwamfutar injiniyoyi 'yar kwatano ta fi sabuwa siririya da aka yi don aikin ofis. Ka haɗa da ma'ajiyar waje guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofis, da wata dabarar wuta, ko ƙaramar sola ko inbata. Lissafin zafin gini na iya ɗaukar sa'o'i, in wuta ta ɗauke a tsakiya ka koma farko.

Manhajoji ba sai ka tara su duka ba. Ɗaya ta zanen aiki, AutoCAD. Ɗaya ta BIM, wato Revit ko ArchiCAD, inda ake gina samfurin gini ɗauke da bayanan kayansa. Sai Rhino da Grasshopper don zane mai bin ƙa'idar lissafi. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai da malamai lasisin shekara guda kyauta, ana kuma sabuntawa. Rhino na kuɗi ne amma akwai rangwamen makaranta, da gwajin kwana 90. In aljihu bai kai ba, akwai na kyauta da za su kai ka nesa: Blender, FreeCAD, QGIS na taswira, EnergyPlus na lissafin zafi da makamashi, Meshroom na mayar da hotuna siffa, da yaren Python. Ka guji manhajar sata a aikin da za ka buga. Ban da ƙwayar cutar da take zuwa da ita, ranar da ka haɗa gwiwa da wata jami'ar waje za a tambaye ka lasisi.

Kayan fili kaɗan ne: tef mai tsawo, ma'aunin leza in ka samu, waya mai kyamara mai kyau, da 'yan na'urorin naɗar zafi da laima irin su HOBO ko Tinytag, waɗanda ake maƙalawa a ɗaki su yi ta rubuta yanayi kowane 'yan mintuna. Littafin zane da fensir kada su bar jakarka. Ka kuma buɗe ORCID da Google Scholar, shafukan intanet da ke haɗa sunan mai bincike da takardunsa, ka saka Zotero don tara abin da kake karantawa. Duk kyauta ne.

1. Kammala digiri biyun, ka zaɓi aikin ƙarshe da idon gobe

A jami'o'i irin su Ahmadu Bello, Bayero da Jos, digiri na farko shekara 4 ne, na biyu kamar shekara 2. A jami'o'in fasaha kamar ta Minna da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, na farkon shekara 5 ne. Ko wanne ka bi, a wannan sana'ar digiri na farko rabin hanya ne. Ɗaliban Nijar da yawa Lome suke tafiya, makarantar EAMAU, na Gana kuma suna da jami'ar Kwame Nkrumah a Kumasi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zaɓen aikin ƙarshe don burge juri, wato kwamitin da ɗalibi yake kare zanensa a gabansa: katafaren filin jirgi, ko otal mai hawa arba'in da babu mai ginawa. Irin wannan ranar kare shi yake mutuwa. Ka zaɓi gini madaidaici da ke ɗauke da tambaya a cikinsa, misali makarantar firamare a Sakkwato da za a zauna cikinta a watan Afrilu ba fanka. Daga irin wannan kundin ake ciro takardar farko, daga takardar kuma ake samun abin faɗa a gaban kwamitin ɗaukar aiki.

2. Ka taka fili kafin ka hau allo

Mai son koyarwa yakan so ya tsallake wannan. Kada ka yi. Ka nemi a tura ka ofishin zanen gine-gine ko ma'aikatar ayyuka lokacin bautar ƙasa, bayan nan ka ƙara aƙalla shekara biyu ƙarƙashin akitek mai rajista, kana cike littafin ayyukanka. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya. Ƙungiyar NIA, da aka kafa a 1960, ita ce ta 'yan sana'a. Ƙa'idojin jarrabawar ƙwarewa sukan sauya, saboda haka ka je ka ji daga bakinsu.

Dalili biyu ne. Rajista tana ɗaga matsayin da za a ɗauke ka a wasu jami'o'i, kuma sashe yana bukatar malamai masu rajista lokacin da masu tantancewa suka zo. Dalili na biyu ya fi nauyi: ɗalibi yana gane malamin da bai taɓa jayayya da birkila a kan tsayin linta ba. In ka riga ka samu koyarwa kafin ka yi wannan, ka lallaɓa wani ofis a garin ka riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, ka kuma sanar da shugaban sashe don kada ta zama maganar ofis daga baya.

3. Neman gurbi

Tsanin guda bakwai ne: mataimakin da ya gama digiri na farko, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sai farfesa. Mai digiri na biyu yawanci daga mataimakin lakcara yake farawa. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransanci kamar Nijar da Togo, hukumar CAMES ce ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, ba jami'ar ita kaɗai ba.

Gurbi ba ya zuwa ya same ka a ɗaki. Ka riƙa halartar juri a tsohon sashenka, ka ba da kanka a taimaka wa 'yan aji ɗaya da kwamfuta, ka karɓi koyarwar wucin gadi a kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a mai zaman kanta. Kada ka kafe sai Zariya. Gaskiya ne can ne uwa: sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya faro a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa jami'ar a 1962. Amma sababbin sassa sun fi ƙishirwar malamai, kuma a can ƙaramin malami yake samun damar kafa darasi da hannunsa.

Kundin ayyukan da za ka kai wa kwamiti kada ya wuce ayyuka biyar ko shida. A kowanne ka nuna zanen hannu na farko, tsarin bene, yankan gini da ke nuna ciki, sannan hoton ƙarshe. Na sha ganin kundi cike da hotuna masu sheƙi, sai a ce wa mai shi ya nuna inda ruwan rufi zai bi, ya tsaya yana kallon silin. Ka shirya amsar tambayoyi uku da ba sa wucewa: wane darasi za ka iya ɗauka gobe, me kake son bincikawa, yaushe za ka fara digiri na uku.

4. Koyon tsayuwa a situdiyo

Babu wanda zai koya maka wannan, za a dai miƙa maka jadawali. Ga yadda nake yi.

Takardar aikin da za ka ba ɗalibai ita ce rabin darasin. Ka rubuta ta a shafi ɗaya ko biyu: fili na gaske da za su iya zuwa da ƙafa, masu amfani da ginin, girman ɗakuna, zanen da za a kawo da ma'auninsa, ranakun dubawa, da yadda za a raba maki. Maki in ba a bayyana rabonsa tun farko ba, ranar juri rigima ce. Ka raba aikin gida uku ko huɗu, kowanne da makinsa, domin wanda ya ɓace wata biyu ya ɓullo da zanen da aka yi masa a kasuwa ya kama kansa da kansa.

A bakin tebur, ka ɗan riƙe hannunka. Sabon malami yakan karɓe fensir ya gyara zanen gaba ɗaya, a ƙarshen zango sai ka ga gini talatin duk kamarsa. Ka yi tambaya: rana ta ina take faɗuwa? Baƙo namiji in ya yi sallama, ina zai tsaya? Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ina za ta hau? In za ka zana, ka shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan nasa, ka zana a kanta, ka tafi da abarka. Aji in ya yi yawa, ka haɗa su biyar-biyar su soki aikin juna kana saurare.

Wajen juri kuma, mun gaji wata al'ada ta wulaƙanta ɗalibi a gaban jama'a da sunan horo. Ban ga abin da ta gyara ba. Ka soki zanen iya son ranka, ka bar mutumin.

Game da kwamfuta, ra'ayina shi ne 'yan aji ɗaya su fara da hannu da kwali, domin ido da hannu su san ma'auni. Daga aji biyu a shigo da ita. Amma kada darasinka ya zama na "danna nan, danna can", wannan YouTube ya fi ka iyawa. Ka koyar da tunanin da ke ƙarƙashi. Misali, in za ka gabatar da Grasshopper, ka ba su bangon tubali mai ƙofofin iska, su sa faɗin ƙofofin ya riƙa sauyawa gwargwadon ranar da ke dukan bangon. A nan za su gane cewa ba siffa suke zanawa ba, dokar da ke haifar da siffar suke rubutawa. In ɗakin kwamfutoci babu wuta, ka yi darasin a takarda: kowa ya rubuta dokoki biyar na jera tubali, ya miƙa wa na kusa da shi ya zana abin da dokokin suka ce. Dariyar da ake yi in sakamako ya fito ita ke koya musu abin da ake nufi da umarni marar harshen damo.

Sabon tsarin karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta. Nan ne ƙofar da za ka shigar da darasin zane da lissafi, in ka iya rubuta shi ka kare shi a taron sashe.

5. Kama tambayar bincike

A nan mafi yawa suke ɓata. Sai ka ga take kamar "Nazarin matakin wayewar kai game da BIM a tsakanin masu zanen gine-gine a jihar kaza", a raba takardar tambayoyi ɗari biyu, a fitar da kaso-kaso. An yi irinsa har an gaji. Wasu kuma su kwaikwayi wani gini mai lanƙwashe-lanƙwashe na Dubai su kira shi bincike. Kwamfuta a zane ba sabuwar aba ba ce, tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajar zane ta Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka. Ba za ka riga masu na'urorin miliyoyin daloli a fagensu ba. Abin da kake da shi da ba su da shi yana bayan gidanku. Hanyoyi uku nake nuna wa ɗalibaina.

Ta farko, zafi. Kowa yana cewa ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi. Da digiri nawa? Da ƙarfe nawa na dare bangon yake fara amayar da zafin da ya sha? Kaurin bango nawa ne ya isa, daga ina ƙari ya zama asara? Tsakar gida mai wane faɗi ce ke riƙe inuwa a bazara? Waɗannan tambayoyi ne masu amsar lamba, kuma manhajojin Ladybug da Honeybee, da ke aiki cikin Grasshopper suna kiran EnergyPlus da Radiance mai lissafin haske, an yi su ne don irinsu.

Ta biyu, adana gine-ginen tarihi a kwamfuta. Lokacin da majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris ta ƙone a 2019, awon leza da marigayi Andrew Tallon ya yi mata shekaru kaɗan kafin nan yana cikin abin da aka dogara da shi. Mu kuma a watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Wannan gini ne da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu. Awon da Zbigniew Dmochowski da ɗalibansa suka yi da tef da fensir shekaru da dama da suka wuce har yau ana komawa gare shi, haka binciken Farfesa Hamman Tukur Sa'ad a kan magina. Soraye nawa ne a Kano, Katsina, Daura, Damagaram da Agadas da kowace damina take ci ba wanda ya auna su? Da waya da haƙuri za ka iya fara wannan.

Ta uku, lissafin bakan gizo da ɗaurin guga, wato salon rufin soro na gargajiya mai lanƙwasa. A jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan, rukunin Farfesa Philippe Block sun fitar da manhajojin RhinoVAULT da COMPAS don nazarin rufin da ke tsayawa da matsi kawai. Sai dai hattara: bakan gizonmu ba irin na dutse ba ne. Azarar giginya ce ake jerawa hawa-hawa, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. In ka zuba shi a manhajar da ta ɗauka tubali ne zalla ke danne juna, za ta ba ka lambobi masu kyau na ginin da babu shi. Gano yadda azara da ƙasa suke raba nauyi a tsakaninsu, wannan kaɗai ya isa digiri na uku, kuma sai ka haɗa kai da injiniyan gini.

Mai ganin kamar waɗannan ƙananan batutuwa ne ya dubi Mariam Issoufou ta Nijar. Kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gine-gine. Ita da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji a Nijar ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse. Tun 2022 farfesa ce a ETH Zurich.

6. Gudanar da binciken farko

Bari in ɗauki na zafi in bi shi daki-daki, domin shi ya fi sauƙin farawa.

Ka samu ɗakuna biyu a unguwa ɗaya, masu kusan girma ɗaya da fuskanta ɗaya, ɗaya na ƙasa ɗaya na bulo. Ka bi ta hannun mai unguwa, ka yi wa maigida bayani a zaure, ka samu yardarsa da ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku. In aikin zai kai cikin gida, ka tafi da ɗaliba mace, ko ita ta shiga a madadinka. Ka auna komai: kaurin bango, tsayin rufi, girman taga, irin yaɓe.

Kafin ka kai na'urorin, ka ajiye su wuri ɗaya kwana guda ka ga ko bakinsu ɗaya. Sannan ka rataye ɗaya a kowane ɗaki, nesa da bango da taga, kamar tsayin kan mutum a zaune, ɗaya kuma a waje cikin inuwa mai iska. Na taɓa asarar awon mako uku saboda na waje da na maƙala rana tana lasarsa da la'asar, lambobin suka haura abin da hankali zai ɗauka. Ka bar su aƙalla mako biyu a bazara, ka maimaita a damina da hunturu. Ka roƙi masu ɗakin su riƙa faɗa maka lokacin da suke buɗe taga da adadin masu kwana.

Yanzu ka gina ɗakunan a kwamfuta. Za ka bukaci fayil ɗin yanayi na EPW, ana samun na manyan garuruwa kyauta a intanet. Ka tuna yawanci daga tashar filin jirgi aka ɗauko shi, kuma iskar filin jirgin Malam Aminu Kano ba ita ce ta lungun cikin birni ba. Saboda haka ka gyara shi da awonka na waje. Sai ka gwada abin da kwamfuta ta ce da abin da na'ura ta naɗa. In sun saɓa, ka koma kan abin da ka zata: yawan iskar da ke shiga, nauyin ƙasar bango, launin rufi. Ƙa'ida mai lamba 14 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gini ta Amurka, ta ba da iyakar kuskuren da ake karɓa, ga awon sa'a-sa'a kashi 10 na karkata da kashi 30 na warwatsuwa, kuma masu bincike da yawa ita suke aro. Sai samfurin ya yi daidai da gaskiya sannan kake da ikon tambayarsa "da za a ƙara kauri fa?" Wanda ya tsallake wannan matakin, hotuna masu launi kawai ya yi.

In babu kuɗin na'urori, ka tambayi sashen nazarin ƙasa ko na aikin gona, sukan samu. Ko ka haɗa kai da ɗalibin injiniyan lantarki ku harhaɗa taku da Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni, amma ku gwada ta da sahihiyar na'ura kafin ku yarda da ita.

Ga mai ɗaukar gini da hotuna kuwa: kowane hoto ya haɗa kashi 60 zuwa 80 na wanda ya gabace shi, kada ka taɓa zuƙo hoton da kyamara, ka ajiye sanda mai sanannen tsayi a jikin bango don ma'auni. Rana mai ƙarfi tana ɓata aiki da inuwa, hazon hunturu kuwa abokinka ne. Bango sumul mai farar ƙasa yana rikita manhaja, sai ka manna 'yan alamomin takarda. Jirgi marar matuƙi yana bukatar izinin hukuma a Najeriya, kada ka tashe shi kusa da fada ko bariki da ka. Doguwar gora da waya a kai ta sha fitar da ni. In magini ya yi maka bayanin makuba ko ɗaurin azara, ka rubuta sunansa a aikin da yardarsa, ka kuma koma ka nuna masa abin da ya fito.

7. Digiri na uku

A yawancin jami'o'i ba za ka wuce lakcara na ɗaya ba sai da shi, don haka ka fara cikin shekara biyu ko uku da kama aiki, kafin ɗawainiyar jarrabawa da ta iyali su rufe ka. Mai duba aiki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ka karanta takardunsa uku, ka tambayi ɗalibansa a asirce shekara nawa suke yi. In za ka rubuta wa farfesan waje, sakin layi uku ya isa: tambayarka, awon da ka riga ka tara, da dalilin da ya sa shi. Awon nan shi ne jarinka, shi ke sa a amsa.

Wajen kuɗi, akwai TETFund ga malaman makarantun gwamnati, amma ta sanar da dakatar da tura sababbi waje daga Janairun 2025, sai ka tambayi ofishinta na makarantarku halin da ake ciki. Akwai tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus. In a gida za ka yi kuma babu masanin lissafin zane a sashenku, ka nemi mai duba aiki na biyu daga sashen kwamfuta ko injiniya, ka kuma koyi Python da kanka, awa ɗaya kullum bayan asuba.

8. Bugawa da hawa tsani

Fagen yana da tarukansa: ACADIA a Amurka, eCAADe a Turai, CAADRIA a Asiya, SIGraDi a Latin Amurka, ASCAAD a ƙasashen Larabawa. Takardunsu suna tare a rumbun CumInCAD, ka fara karatu daga can. A gida akwai ƙungiyar malaman fannin, AARCHES. Manyan mujallu sun haɗa da Building and Environment, Energy and Buildings, Automation in Construction da International Journal of Architectural Computing. Ka fara da taro, ka ji suka, ka faɗaɗa aikin ya zama na mujalla.

Duk mujallar da ta aiko maka da wasiƙar yabo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka goge. Ina ƙaramin malami na faɗa wannan ramin sau ɗaya, ranar tantancewa aka zare takardar aka ajiye gefe, kuɗi da aikin duka suka tafi. Ka duba sunan mujalla a Scopus ko DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, kafin ka aika. Haka kuma al'adar "saka sunana in saka naka": masu tantancewa daga waje, waɗanda ake aika wa takardun mai neman mataimakin farfesa da farfesa, suna gane mutumin da yau yana kan kwandishan, gobe kan shara, jibi kan tarihin kasuwa. Suna neman zare ɗaya da ya ratsa ayyukanka.

Tsakanin mataki da mataki yawanci shekara 3 ne, amma adadin takardu da makin kowace iri ya danganta da jami'a. Ka karɓi kundin ƙa'idojin ƙarin girma daga ofishin rajistara a makonka na farko, ka duba musamman ko ana ba zanen gini da aka gina maki, da irin shaidar da ake nema. In ana bayarwa, ka riƙa ajiye zanen da aka amince da shi, hotunan ginin, da wasiƙar mai shi. Ka buɗe fayil guda, na takarda da na kwamfuta, duk wasiƙar naɗi a kwamiti, jadawalin darasi, sunayen ɗaliban da ka duba da takardar halartar taro ka jefa ciki a ranar da ka karɓa. Fom ɗin tantancewar shekara yakan fito ne da wa'adin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa a tsakiyar makin jarrabawa.